Saniyar Cikin Takardar Jarrabawa

Jikata ce ta tayar mini da wannan magana, ita ba ta ma sani ba. Ranar nan na same ta a zaure da littafin Turanci, an ba su aikin gida, ɗan gajeren labari a sama, tambayoyi a ƙasa. Ina zaune ina kallonta, ko karanta labarin ba ta yi ba. Tambaya take fara dubawa, ta tsinci kalma ɗaya a ciki, ta bi layi-layi da ɗan yatsa har ta ga inda kalmar take, ta kwafe jimlar baki ɗaya. Kafin shayina ya huce ta rufe littafi. Na ce, "Ke amarya, mi labarin ya ce?" Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Kai tsoho, ai ba a tambaye mu wannan ba." Washegari ta dawo tana kaɗa mini littafin a fuska, malaminsu ya cika shi da jan biro, ta cinye duka. Tun daga ranar raina yake a ɓace, kuma ba ita ta ɓata shi ba. Wani tsohon haushi ne ta tono, wanda na zaci ya mutu tuntuni.

Mu a zamaninmu ba a kai yaro makarantar boko, kama shi ake yi. Saƙo zai fito daga hakimi zuwa dagaci, dagaci ya duba gidajen da ba su da bakin magana, ya ce kai ka ba da ɗaya. Gidanmu a Karare yana cikin irin waɗannan gidaje, ni kuma a cikin 'ya'yan babana ni ne wanda kunyarsa ta noma take karkacewa, saboda haka ba a daɗe ana shawara ba. Mahaifiyata ta yi kuka kamar an yi mutuwa, ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da garin gero a tsumma, aka ɗora ni bayan jaki zuwa Batsari. A can aka ajiye mu gidan wani bafade, mu 'yan ƙauye. Kafin a kaɗa ƙarfen makaranta mun ɗebo ruwa sau uku, mun share ƙofar gida, mun yanko wa doki ciyawa. Ƙarfen nan wani guntun ƙafar mota ne da aka rataye a reshen ɗorawa, in aka buga shi har mata masu daka a bayan gari sukan ce, to, yaran Nasara sun shiga. Yau na ga babur ne yake zuwa har ƙofar gida ya ɗauki yaro, da kular abinci a hannu, amma sai an yi ta lallashi kafin ya sa takalmi.

A ƙasa muka fara rubutu da yatsa, sannan aka ba mu sileti, allon boko, sai da muka yi hankali aka yarda mu taɓa tawada. Shekara biyu Hausa muke karantawa da baƙin boko, wannan bai ba mu wuya ba, don abin da ka faɗa shi ka rubuta. Da muka shiga aji uku sai aka haɗa mu da Malam Tukur da Turancinsa. Gajere ne, rigarsa kullum ta sha sitaci, tsumagiyar tsamiya ba ta barin hammatarsa. Da safe zai tsaya ya ɗaga ta, mu kwashe da murya ɗaya, "Ayi am, yu a, hi is, shi is," har masu wucewa kasuwa su tsaya bakin taga suna dariya. Ni dai har gobe ban yafe wa harshen nan ba. Yare ne da za a sa ka rubuta harafi a kuma hana ka faɗarsa. Ka wahala ka haddace kalma, da an ce jiya abin ya faru sai ta sake kama gaba ɗaya, ba dalili, ba wanda za ka kai wa ƙara. Abin da ya fi ba mu mamaki, da kalma guda, wato yu, ake kiran namiji da mace, yaro da dattijo, mutum ɗaya da taron jama'a. Wani cikinmu ya tambayi Malam ko har sarkinsu haka ake ce masa. Malam ya ce har shi. Muka kalli juna, muka tabbatar mutanen nan ba su da kunya.

Duk wannan da sauƙi, don hadda ce, mu kuwa kafin a kama mu duk mun zauna gaban malamin allo, hadda ba baƙuwarmu ba ce. Inda aka samu matsala shi ne karatun fahimta, wato a ba ka labari ka karanta, a yi maka tambayoyi a kansa. Kafin in faɗi yadda muka yi da shi, sai na faɗi yadda aka rene mu a kan rubutu. Kakana an haife shi tun kafin Turawa su zo, ya ga lokacin da wasiƙa kan fito daga Sakkwato zuwa Katsina a cikin gafaka, mai ɗauke da ita ba a tsayar da shi a hanya. In kakana yana tafiya ya ga guntuwar takarda da rubutu a ƙasa, ko ta mene ce, sai ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya soke a jikin danga. Da na zo hutu na farko ya kama hannuna na dama ya jujjuya, ya ce, "Wanga hannu yanzu ya zama mai shaida. Abin da baki ya hwaɗi ana iya mantawa, amma duk abin da ka rubuta sai an tambaye ka shi. Kada ka rubuta abin da ba ka yarda da shi ba." Ba ni kaɗai aka gaya wa haka ba. Duk ajinmu da irin wannan magana muka fito daga gida.

To, ran nan Malam Tukur ya ba mu labarin wani manomi. Labarin ya ce mutum ne mai ƙwazo, yakan tashi ƙarfe takwas, ya sha shayi, ya karanta jarida, sannan ya tafi gona. Tambaya ta farko, wane irin mutum ne manomin? Mu talatin da 'yan kai, ba wanda ya leƙa na wani, kowa ya rubuta cewa rago ne. Ai gaskiya ce. Wa yake zuwa gona rana ta take? Ƙarfe takwas babana ya gama kunya goma yana jiran a kawo fura. Malam ya duba littattafan ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa na ƙara ɗaurewa, daga ƙarshe ya jera mu ya bi kowa da bulala uku. Yana duka yana cewa, "Amsa tana cikin takarda! Ba a cikin kawunanku take ba, ba a gonar ubanku take ba, cikin takarda take!" Ni bulalar nan ta isa ta koya mini. Daga ranar in takarda ta ce jaki ya hau rimi, zan rubuta ya hau, in aka tambaye ni reshe na nawa in duba in faɗa.

Mutum ɗaya ne bulala ba ta gama da shi ba, shi ne Giɗe, abokin zamana a benci. Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Zakka, dogo, siriri, ba ya magana sai ta kama. Duk makarantar shi kaɗai ne ba a kamo ba, da ƙafarsa ya zo. Shekarar da ciwo ya shiga garkensu ya kwashe fiye da rabi, yana yaro ya ga malamin huji, wato mai yi wa shanu allura, ya zo da kakinsa da akwatinsa, yana ɗaga kwalba yana karanta Turancin da ke jiki kafin ya zuƙa. Shanun da aka yi wa allura suka tashi. Tun daga nan Giɗe ya sa wa ransa sai ya zama malamin huji, ya dami ubansa har ya gaji ya sallama shi. Hanyar kuwa ɗaya ce tak, ka ci jarrabawar ƙarshen aji huɗu a ɗauke ka makarantar Midil a Katsina. Wanda ya faɗi ya koma gida ke nan, ba a sake ba shi dama. Ni ko an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba duk ɗaya ne a wurina. Shi kuwa ba shi da wani buri a duniya sai wannan, kuma Turanci ya zauna masa a baki fiye da kowa, har Malam yakan ba shi littafinsa na kansa ya tafi da shi gida.

Ranar bulalar nan, bayan kowa ya zauna yana susa, Giɗe ya ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, in takardar ta yi ƙarya fa?"

"Ba alƙali aka naɗa ka ba," in ji Malam. "Cewa aka yi ka faɗi abin da ta ce."

"Amma hannuna ne zai rubuta."

"Hannunka zai rubuta, bulalata kuma tana nan. Zauna."

Ya zauna, amma bai sauka ba. Dabarar da ya samo ita ce, duk amsar da bai gamsu da ita ba sai ya fara da cewa, littafin ya ce kaza. Malam ya yi faɗa, ya yi tsaki, ya ce ana ɓata masa tawada, daga baya ya ƙyale shi don Turancin ba shi da aibu. Haka muka ƙare aji uku muka shiga huɗu, ni ina kwafe abin da na gani, shi yana gardama da kowane labari a hanyarmu ta zuwa rijiya. Na sha ce masa, "Kai Giɗe, mi ya yi maka zafi? Mutanen ga na cikin littafi ba su ma da rai." Sai ya ce ai wanda ya rubuta su yana da rai.

Jarrabawa ta zo da bazara, zafi kamar a gasa mutum. Aka tattaro yaran Safana da na sauran makarantu aka haɗa mu a Batsari. Wani Bature ya zo da mota, ya ajiye agogo a kan tebur, ya ɓalle jan danƙon da aka liƙe ambulan da shi a gabanmu. Lissafi ya wuce lafiya. Da aka raba takardar Turanci na fara karanta labarin, ban kai ƙarshe ba na tuna da Giɗe. Labarin wani mutum ne da matarsa, suna da saniya ɗaya. Saniyar ta haihu, bayan kwana kaɗan mutumin ya kai maraƙin kasuwa ya sayar. Daga nan kullum da safe matar takan tatsi saniyar ta cika ƙwarya, su sha, su ba maƙwabta. Tambayoyi biyar, ta farko, me matar take samu kullum da safe bayan an sayar da maraƙin?

Ko ni ɗan manomi na san wannan ba ya yiwuwa. Saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Da safe ake kwance maraƙi daga dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a jiki, a bar shi ya ɗan tsotsa, hantsa ta cika, sannan a janye shi a ɗaure kusa da uwar tana lasarsa ana tatsa. In ba maraƙi, ka ja har hannunka ya gaji, ɗigo kaɗan za ka samu. Na san wannan sarai, na kuma tsoma alƙalami a tawada na rubuta cewa matar tana samun ƙwarya cike da madara. Ban ko yi jinkiri ba. Daga benci na biyu a bayana na ji wani ɗan tsaki a hankali, na kuwa san bakin da ya fito. Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa ya yi dabararsa ta littafin ya ce. Har aka ce a ajiye alƙalami ina jin ƙarar nasa yana ta gudu a kan takarda.

Da muka fito, Malam Tukur yana jiranmu a gindin ɗorawa, yana tambayar kowa abin da ya rubuta. Da ya zo kan Giɗe fuskarsa a sake, don ya san wannan nasa ne. Giɗe ma yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Malam, na gano tarkon," in ji shi.

"Wane tarko?"

"Na saniyar. Sun sa shi ne su ga wanda ya san dabba. Na rubuta masu cewa matar ba ta samu komai ba, don nagge, saniyarmu, ba ta ba da nono in an raba ta da ɗanta. Na gaya masu yadda ake yi da dangwali. Na gaya masu ko maraƙi mutuwa ya yi, sai an feɗe shi an cusa ciyawa a fatar an ajiye gabanta ta sansana, sannan ta saki. Na ce mutumin ya yi wauta da ya sayar."

"Sauran tambayoyin huɗu fa?"

"Ai duk a kan madarar suke, Malam. Tunda babu madarar, na ce masu babu amsa."

Ban taɓa ganin abin da na gani ranar ba. Malam Tukur mai sitaci ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, cikin turɓaya, tsumagiyar ta faɗi gefe bai ɗauka ba. Ya ce, "Shekara biyu, Giɗe. Shekara biyu ina gaya maka." Giɗe ya ce, "Malam, sauran labaran ban tabbatar ba, shi ya sa nake cewa littafi ya ce. Wannan na sani. In mai dubawa bai sani ba, ai gara a gaya mashi, kada ya je ya koya wa wasu su sayar da maruƙansu." Ni kuwa haushi ya cika ni. Ji na yi kamar in kama shi in yi ta girgizawa. Kalma huɗu kawai ake nema, ya ba su shafi biyu.

Sakamako ya zo bayan ruwan shuka. Sunana yana ciki, ni da ban damu ba. Na Giɗe babu. Malam ya rubuta takardar roƙo, ya bi ta da kansa a keke har Katsina, aka ce masa yaron bai amsa tambaya ko ɗaya ba, doka kuma doka ce. Ranar da za mu rabu Giɗe ya mayar wa Malam littafinsa a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ya rataya sandarsa a kafaɗa ya kama hanyar Zakka. Bai yi kuka ba, bai kuma ce ya yi kuskure ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na yi Midil, na zama akawu a ofishin gona, na yi shekaru ina rubuta abin da takarda ta ce. Mukan haɗu da Giɗe jefi-jefi a kasuwa, mu gaisa, ba ma taɓa zancen. Har wata shekara, mu duka furfura ta fara fito mana, aka tura ni kai takardu wata gonar gwamnati inda aka kawo shanu daga ƙasar Turawa. Manya ne, masu dabbare-dabbare, bayansu a shafe ba tozo. Da safe na ga ana tatsarsu, bokiti yana cika, babu maraƙi ko ɗaya a kusa. Na tambayi mai kula da su, ya ce ai waɗannan tun ranar haihuwa ake raba su da 'ya'yansu, kuma ba sa riƙe nono. Wallahi wani daɗi ya kama ni, irin daɗin mugunta. Ashe takardar ba ta yi ƙarya ba! Ashe a banza ya jefar da rayuwarsa! Ranar hutu ta farko na hau babur ɗina sai Zakka.

Na same shi a ruga da hantsi, an gama tatsa, yana zaune a kan buzu yana tufka igiya. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya shanu, ya ruwa, ya mutanen birni, ya gajiyar hanya, muka sake komawa farko. Ni duk a ƙagauce nake. Aka kawo mini madara a ƙwarya na kurɓa na ajiye, na kwashe labarin shanun Turawa na gaya masa tas, har da yawan bokitan. Na ƙare da cewa, "Ka gani? Mutanen nan saniyarsu suke nufi. Gaskiyarsu suka rubuta. Da ka bi takarda kamar yadda Malam ya ce, da yanzu kai ne babban malamin dabbobi na ƙasar ga."

Ya saurare ni har na gama, hannunsa bai daina tufka ba. Ya tambaye ni ko shanun suna jure ƙuda, ko suna cin harawa, nawa suke sha a yini. Na ga tambayoyin daga zuciyarsa suke fitowa, yaron nan mai son kwalba da allura yana nan bai je ko'ina ba. Sannan ya ce, "Amma ba su ne a takardar ba."

"Kamar yaya ba su ne ba?"

"Ka manta hoton?"

"Wane hoto?"

"Akwai zane a saman labarin. Mace ce a tsugune da ƙwarya, ta ɗaura zane irin na matanmu. Saniyar kuwa fara ce, da ƙaho dogaye, da tozo kamar tulu. Tamu ce, ɗan'uwa. Da ta Turawa suka zana, ai da ban ce komai ba, tunda ban san ta ba."

Na lalubi ƙwaƙwalwata, na ga agogon Bature, na ga jan danƙo, na ga tambayoyin biyar a jere, amma hoto ban gan shi ba. Awa guda takardar nan tana gabana, ni da na ci jarrabawar, ban ɗaga ido na dubi saniyar ba.

Giɗe ya turo mini ƙwaryar ya ce in shanye kafin ƙuda su faɗa. Na shanye, muka yi sallama, ya rako ni har bakin burtali. Daga Zakka har Batsari ina tuƙi ina tsaki, cike da haushi, kuma har na iso gida ban samu wanda zan ɗora wa shi ba.